Ƙasar da Kajina Suka Raya

Kafr Dahshan, 12 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga ƙanena Subhi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan ɗakinka. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka. Gwiwar tana nan yadda ka bar ta, a zaune take sallah yanzu. Bargon da ka aiko ya iso, ta ƙi rufa da shi, wai sai ka dawo ka gan shi sabo. Na ce mata to ta gaya wa sanyi shi ma ya jira ka.

Ka tambaya ko har yanzu ina yawo da kaji a gona kamar wadda ta taɓu. Ina yi. Wannan zubi na goma sha ɗaya ke nan tun tafiyarka. Akurkina sun zama shida, na rassan dabino, babu gindi, kowanne kaza ashirin da biyar. Ina idar da sallar asuba sai in ja kowanne gaba daidai tsawonsa, kajin su sauka kan sabon barsim, ciyawar nan da muke shuka wa dabbobi, su bar wa na baya kashinsu. Sati bakwai sun isa yanka. Matan ma'aikata na birnin Bani Suwaif har gida suke biyo ni, wai naman nawa ba ya ƙarnin kifi irin na kajin da ake kullewa a rumfa. Matan garin nan kuwa har yau dariya suke yi mini, amma ranar biki ƙofata suke bugawa.

Ba maganar kajin ce ta sa na ɗauki biro ba, maganar gonar ce. Ka tuna yadda Baba ya rasu ya bar mana rabin faddan ɗin nan, kusan rabin eka, gishiri ya yi fari a kansa, barsim ko idon sawu ba ya kaiwa. Subhi, bana ya kai mini gwiwa. Na sa fartanya na tona, ƙasar baƙa wuluk, tana na motsi a ciki. Na zauna a kan kunya na yi kuka ni kaɗai, kada ka gaya wa kowa. Har Baffa Farghali, wanda bai taɓa yabon abin da hannuna ya taɓa ba, ya tsaya shekaranjiya ya ɗauki ɗan curi ya jiƙa da yawu, ya murza a yatsunsa, ya ce, "Badriyya, wannan ƙasa ta yi kyau, ko yashi babu." Na ce, "Baffa, yau wace rana ce?"

Abu ɗaya ya rage. Gefen kudu yana tara ruwa duk lokacin ban-ruwa, ba na iya kai akurki wajen, ƙafar kaza ba ta son laima. So nake a haƙa mana magudana ta bi ta gefen ta faɗa cikin babba. Aikin maza ne, kuma takardar gonar sunanka ne a kai, ba za su saurare ni ba. Ka rubuta wa Baffa ya tsaya mana. Shekara biyu ke nan ina faɗa maka.

Ka riƙa cin abinci. A hoton da ka aiko wuyanka duk ya fito.

Yayarka,
Badriyya


Bagadaza, 19 ga Disamba, 1983

Yaya Badriyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan wata guda. Ina lafiya, sai bayan nan da ke damuna idan na tashi da safe. Ki gaishe da Inna, ki ce ta rufa da bargon, in ya tsufa akwai wani.

Na karanta wa mutanen ɗakinmu labarin tanarki, sun sha dariya. Wani ɗan garin Minya ya ce a tambaye ki ko kajin naki suna da lokacin shan shayi. Ni dai na ji daɗi, tunda ke kin ji daɗi.

Yaya, na gaji. Mu goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya, in mutum zai juya sai ya nemi izini. Siminti ya cinye mini tafin hannu. Shekara uku ina ɗaukar bulo ina gina wa wasu benaye, ni kuwa ɗakin da zan koma na laka ne, da jakin Inna a ɗaure a ƙofarsa. Mahaifin Ni'imat ya aiko mini saƙo ta bakin ɗansa. Ya ce sun jira iya jira, 'yarsa ba za ta tare a ɗakin laka ba alhali sa'anninta duk suna cikin jan bulo. In shekara ta zagayo ban ɗora gini ba, akwai wanda yake nema. Abin da nake tarawa a nan ba zai kai ni rufi ba.

Na rubuta wa Baffa doguwar takarda, na haɗa da ta wakilci, da wata taki a ciki wadda na yi miki bayanin komai. Zai kawo mutane da mota su yi aiki a gonar. Don Allah ki ba su hanya, ki janye akurkinki gefe. Na san zai takura ki na ɗan lokaci. Ki yi haƙuri da ni, ki rubuto mini abin da kika gani.

Ƙaninki,
Subhi


Kafr Dahshan, 17 ga Janairu, 1984

Subhi,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Inna ta yi mura ta warke. Bayan nan naka ka samu man zaitun ka ɗumama wani ya shafa maka, kada ka tsaya taurin kai irin na Baba.

Allah ya yi maka albarka. Wallahi da na karanta cewa mutane za su zo da mota sai da na tashi na yi juyi a tsakar gida, Inna tana cewa me ya same ni. Na daɗe ina jiran wannan rana. Su zo ko gobe, hanya a buɗe take, ni da kaina zan dafa musu shayi. Har da mota, ashe ƙanena ya zama babban mutum.

Takardar da ka ce ka sako mini a cikin ta Baffa ban gan ta ba. Na tambaye shi, ya shafa aljihu ya ce wataƙila tana cikin wata rigar. Ka san shi. Ba komai, tunda na san abin da ke ciki.

Maganar Ni'imat ta tsaya mini a rai. Ubanta ya manta a ɗakin laka aka haife shi. Amma kada ka sa wa kanka damuwa, yarinyar tana son ka, jiya ma ta zo sayen kaza ta tsaya tana tambayar lafiyarka tana kallon ƙasa. In ka dawo mu fara da ɗaki ɗaya, sauran su biyo baya. In gefen kudu ya bushe zan ƙara akurki huɗu, ka ga ni ma na sa hannu a ginin.

Tunku ya tona ta ƙarƙashin akurki ɗaya ya kashe mini bakwai, bai ci ko guda ba, mugun banza. Yanzu ina danne gefunan da duwatsu.

Badriyya


Bagadaza, 9 ga Fabrairu, 1984

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna. Ina lafiya, bayan ya yi sauƙi.

Ban san yadda zan gode miki ba. Sati bakwai ina fargabar amsarki, na ɗauka za ki zage ni tas. Da na ga kin ce su zo ko gobe, har za ki dafa musu shayi, sai na ji kunyar kaina, ashe ban san yayata ba. Na nuna wa ɗan Minya, ya ce irinki ba a samu.

Baffa ya rubuto cewa mai gasa bulon ya zo ya gani, ya ce bai taɓa samun ƙasa mai kyan wannan ba a yankin. Kamu biyu kawai za su kwashe daga sama, rabin biyan kuma da bulo zai yi, a sauke mana har ƙofar gida. Baffa ya ce ƙasa tana komawa, gonar su Abdul'ati ma an kwashe kuma suna nomawa. Ke da kika raya ta sau ɗaya, kin san hanya, za ki sake. Ɗakin da ya fi girma a sabon gidan naki ne da Inna, na rantse.

Subhi


Kafr Dahshan, 21 ga Fabrairu, 1984

Subhi,

Muna lafiya. Inna lafiya. Ban samu amsarka ba tukuna, kuma ba zan iya jira ba.

Yau da hantsi ina ba kaji ruwa sai ga Baffa da mutum biyu. Ɗaya yana riƙe da dogon ƙarfe, yana soka shi a tsakiyar barsim yana zarowa yana duba bakinsa. Na ce, "Malam, ba nan ba ne, magudanar ta gefen kudu za ta bi." Ya dubi Baffa ya ce, "Wace magudana?" Baffa ya ce, "Je ki gida, Badriyya, maganar maza ce." Na ce, "Gonar ubana ce, a nan zan ji ta." Sai mutumin ya gaya mini, shi ko a jikinsa. An sayar musu da ƙasar sama, za su kwashe su kai matoya su yi jan bulo.

Na ce ƙarya ne. Baffa ya zaro takardar wakilci, ga sa hannunka, irin wanda ni na riƙe hannunka na koya maka. Sannan ya laluba ya miƙo mini tawa takardar, sama da wata guda tana aljihunsa, duk ta yi laushi. Ya ce, "Na san halinki, shi ya sa." Na karanta a tsaye a gabansu.

To na karanta, Subhi. Yanzu kai ma karanta. Ban yarda ba. Ban taɓa yarda ba. Magudana na roƙe ka, da ka ce mutane da mota, magudana na ji. Kai ma ka sani, shi ya sa ka kasa rubuta maganar sayar da ƙasa a takardar da ka san za ta zo hannuna kai tsaye, ka tura ta ta hannun Baffa. Tun kana yaro haka kake, in ka fasa abu sai ka aiko wani ya faɗa.

Na ba ka labarin ƙasar nan don ka yi murna, ashe talla nake yi mata ban sani ba. Shekara uku. Ka san nauyin akurki in raɓa ta jiƙa shi? Ka san sau nawa na ja shi? Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sama da kai. Ban taɓa tayar da maganar rabona na gado ba, na bar takarda da sunanka don kai ne namiji, kuma don na ɗauka ni da kai ɗaya ne.

Ka je ka tambayi duk wanda ya san noma. In aka kwashe kamu biyu, gonar za ta koma ƙasa da magudana, ruwan maƙwabta duk a cikinta zai tsiyaye. Abin da ke ƙarƙashi gishiri ne da yumɓu. Na san gwamnati ta hana, na kuma san hanyar ofishin, amma sunanka ne a takardar, kai za a rubuta. Ba zan kai ƙarar ɗan uwana ba. Kai za ka hana su.

Sun ce sai barsim ya sha yanka na gaba, tsakiyar watan gobe. Akwai lokaci. Ka rubuta wa Baffa yau ɗin nan, layi ɗaya ya isa. Ina roƙonka, kuma ka san ban iya roƙo ba.

Badriyya


Kafr Dahshan, 7 ga Maris, 1984

Subhi,

Lafiya muke. Takardarka ta tara ga watan jiya ta iso, wadda kake gode mini a ciki. Na karanta sau ɗaya na sa a ƙarƙashin tukunya. Ka ce wa ɗan Minya na gode da yabo.

Gonar su Abdul'ati da Baffa ya ce ana nomawa, na je na gani da idona. Kwaɗi ne a ciki.

Na je wa Baffa har gida na durƙusa, abin da ban yi wa mijina ba har ya mutu. Ya ce ya riga ya karɓi kafin alƙalami, shi mutum ne mai magana ɗaya, sai dai in mai gona ya rubuto. Inna kuwa, da na matsa mata, cewa ta yi, "Ki bar yaron ya yi aure." Kullum ina zuwa shagon da ake ajiye wasiƙu, har mai shagon ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Kwana goma suka rage. Ban sani ba ko shiru kake yi ko hanya ce.

Badriyya


Bagadaza, 26 ga Maris, 1984

Yaya Badriyya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. An kai mu aiki wani gari a arewa sati biyar, jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a kan katifata. Wallahi ban yi shiru da gangan ba.

Da farko raina ya ɓaci. Na ce ke kina gida kina cin miyar lalo da zafinta, kina kukan tana, ni ina nan ina cin busasshiyar gurasa. Na ce gonar ai tawa ce ita ma. Na fara rubuta miki haka, na yaga.

Gaskiya kika faɗa. Na san in na rubuta miki kai tsaye za ki ƙi, shi ya sa na bi ta Baffa. Da amsarki ta zo da murna, wani abu a raina ya ce anya ta gane kuwa, ga shi ma kin ce ba ki ga takardar ba. Na danne shi, don amsar da nake so ce ta zo.

Na rubuta wa Baffa ya tsayar da komai, ya mayar wa mutumin abinsa, ni zan cike. Na ba wani ɗan garin Fashn da zai hau mota jibi, hannu da hannu zai kawo. Irin waɗannan mutane ba sa cika alkawarin rana, na tabbata ba su fara ba. Zan ƙara shekara ɗaya a nan. In Ni'imat ta jira, to. Kuma in na dawo ni da kaina zan haƙa miki magudanar.

Ki rubuto ki ce mini na yi a kan lokaci.

Ƙaninki,
Subhi


Kafr Dahshan, 15 ga Afrilu, 1984

Subhi,

Wa alaikas salam. Inna lafiya, tana gaishe ka. Ni ma lafiya.

Ɗan Fashn ya kawo takardunka ranar huɗu ga wata. Mutumin kirki ne, bai ko sauka gidansu ba ya zo nan. Baffa ya karanta tasa ya ninke, ya ce, "Allah sarki."

Sun cika alkawarin rana. Ranar sha bakwai ga Maris suka zo, motar haƙa ɗaya, tifa uku. Kwana shida suka yi. Ban dafa musu shayi ba, ban kuma zage su ba, masu neman abinci ne. Da safe nakan ja akurkina gaba kamar kullum, motar tana biye da ni a baya tana cinye inda muka tashi. A rana ta biyar na kai ƙarshen gona, babu inda zan ja su kuma. Na kwashe kajin a kwando na hau da su rufin gida. Direban motar ya sauko ya taya ni ɗauka, ya ce, "Hajiya, wa ya yi wa ƙasar nan taki haka? Ban taɓa haƙa mai laushinta ba." Na ce masa wata mahaukaciya ce.

Ranar da maƙwabta suka yi ban-ruwa ramin ya cika. Ruwan bai janye ba har yau, ya yi kore, inda ya bushe a gefe kuma fari fat. Kunyar gonar maƙwabciyarmu Umm Sabir ta fara zubewa a ciki, ta zo ta yi mini tas a ƙofar gida, yanzu ita ma an ce za ta sayar da tata kafin ta zube a banza.

Kajin ba su saba da matsi ba. A rufi suka riƙa saran juna, zafi ya kashe goma sha tara a yini biyu. Sauran na sayar da su tun ba su kai ba. Mai kawo mini 'yan tsaki ya zo, na ce ya daina zuwa. Matan Bani Suwaif sun zo sau biyu, yanzu sun gane. Ka ce na raya ta sau ɗaya zan sake. Wancan karon ƙasa ce mara lafiya na samu, na yi jinyarta. Yanzu babu abin da zan yi jinya. Shekarata arba'in da huɗu.

Kada ka ƙara shekarar da ka ce. Ba ta da amfani kuma. An sauke bulonka a ƙofar gida, an jera shi ya fi ni tsawo, mai kyau ne, ja sosai. Uban Ni'imat ya zo ya ƙwanƙwasa guda biyu ya ji ƙararsu, ya yi murmushi, ya ce a gaishe ka. Inna kullum sai ta sa an fitar da ita ta zauna a inuwarsa. Ka dawo ka yi gininka ka yi aurenka. Zan yi girkin biki, zan yi guɗa, ba wanda zai ga komai a fuskata. Babban ɗakin ka ba Inna ita kaɗai, ni ina nan a na laka.

Na ga abin da ka rubuta, na kuma yarda da gaske kake. Da ka rubuta mini gaskiya a Disamba da mun yi faɗa, da na zage ka, da ka zage ni, da yanzu ina da gona kana da yaya.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. In ka iso, mutane za su taru, Inna za ta kama hannunka ta kama nawa. Kada ka nemi gafarata a wurin. In ka nema zan ce na yafe, saboda ita, kuma ƙarya zan yi.

Badriyya